Daga Zanen Goyo Zuwa Sanda: Musayar Waƙa

'Yar Ƙofar Marusa:

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ajin farko a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, saura kwana tara mu shiga jarrabawar ilimin halayyar ɗan'adam, ɓangaren girma da bunƙasa. Jiya da dare ina bita a tsakar gida, Kaka ta kira ni da sunan ƙanwarta. Daga nan karatun ya tsaya, wannan ya fito.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da Ya ƙagi rai da rayawa.

Kwaleji na zo koyon malanta,
Aka ba mu darasin girma da tasowa.

Na ɗauka zancen yara ne kurum,
Rarrafe da gwaranci da ƙiwa.

Ashe tun ciki ake ɗauko labarin,
Wata tara kafin ranar haihuwa.

Malam ya zana tsani a allo,
Ya ce matakai takwas ne na hawa.

Erikson ya tsara, haihuwar Jamus,
A Amurka ya yi zaman koyarwa.

Na farko jinjiri ya koyi yarda,
In ya yi kuka akwai mai amsawa.

Na takwas tsoho ya waiga baya,
Ko godiya, ko nadama da damuwa.

Na rufe takarda na ɗaga kaina,
Ga Kaka a tabarma tana bin inuwa.

Ta ce, "Ƙanwata, kin ɗebo ruwan?
Rijiyar bayan gida ta kusa ƙafewa."

An cike rijiyar tun ban zo duniya ba,
Ƙanwar tata ta daɗe da rasuwa.

To a wane mataki zan sa Kakata,
Mai tuna ƙuruciya, jiya kuwa mantuwa?

Na Bakin Kusugu:

Allah Ya ba Kaka lafiya, ƙanwata. Tambayarki ta fi ƙarfina, na bar wa manya. Ni ƙasan tsanin zan taɓa, don shi na gani da idona lokacin da aka tura mu koyarwar gwaji a wata firamare nan Daura.

Piyaje mutumin Suwizalan ne,
Bai raina kuskuren yaro ba.

'Ya'yansa uku ya zuba wa ido,
Motsinsu ko ɗaya bai bari ya wuce ba.

Ya ce hankali hawa huɗu ne,
Ba a tsallake ɗaya a kai na gaba.

Daga haihuwa zuwa shekara biyu,
Hannu da baki ne makaranta, ba alli ba.

Ɓoye wa ɗan wata huɗu cokali a zane,
A wurinsa kamar bai taɓa wanzuwa ba.

Biyu zuwa bakwai harshe ya buɗe,
Amma ido bai daina yaudararsa ba.

Na ɗauki kofi biyu a aji ɗaya,
Na zuba ruwa daidai, wani bai fi wani ba.

Na juye guda a doguwar kwalba,
Na ce wanne ya fi? Ba su jira ba:

"Na kwalba, Malam, ga shi har wuya!"
Alhali ko ɗigo ban ƙara ba.

'Yan aji biyar da na gwada musu,
Suka ce, "Ai Malam ba ka sauya komai ba."

Ran nan na yar da tsumagiyar bedi,
Abin da na kira taurin kai, lokaci ne bai yi ba.

Malam na Zaure:

Ku yi haƙuri tsoho ya sa baki. Jikana ne ya karanto mini, ni kuma na faɗa ya rubuta.

Yarana, na ji zancen Bature,
Ba na ƙin ilimi ko daga ina.

Sai dai kafin ya zana tsaninsa,
Akwai aya rubuce a allona.

Suratur Rum, aya ta 54,
Ita nake biya wa almajiraina.

Daga rauni aka halicce mu,
Sai ƙarfi ya zo kamar tsakar rana.

Bayan ƙarfi rauni ya dawo,
Da furfura, ga ta nan a gemuna.

Shayarwa shekara biyu cikakku,
Baƙara ce ta faɗa, ba bakina.

Manzo ya ce a umarci yaro da salla
In ya cika bakwai, haka na ji gun malamaina.

Ga shi Baturenku Piyaje ya tsaya a shekara bakwai,
Ya ce nan tunani ke fara nuna.

Kakarki, 'yata, tana rauni na biyu,
Yadda ta goye ki, ki zame mata majingina.

Malama daga Dutsin-Ma:

Baba Malam, Allah Ya ƙara girma,
Zaurenka ya riga littafinmu tafiya.

Akwai Bigotski na ƙasar Rasha,
Shekara 37 ya yi a duniya.

Tarin fuka ya ɗauke shi a 1934,
Ya bar magana mai nauyin zinariya.

Akwai abin da yaro zai yi shi kaɗai,
Akwai wanda sai an kama masa zai iya.

Tsakanin biyun nan gonar malami take,
Nan ake shuka, ba can gaba ba, ba baya.

Kolo na biya babbaƙu yana tuntuɓe,
Titibiri na ja masa baƙi ɗaya-ɗaya.

Gardi ya rubuta, yaro ya bi sawu,
Har ya riƙe alƙalami ba mai taya.

Ƙanena na Daura, ina da ja kaɗan,
Shekarun Piyaje kar ka ɗauke su aya.

'Yar shida mai tallan gyaɗa a tasha,
Ba ta ɓata canji ko sau ɗaya.

Ka ba ta lissafin nan a kan takarda,
Sai ta sunkuyar da kai don kunya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1985 an buga wani bincike da aka yi a Burazil kan yara masu talla a titi: lissafin da suke yi daidai a bakin tire, in an mayar musu da shi na alƙalami sai su faɗi. Tun da na gama Kwalejin Isa Kaita nake koyar da ƙananan azuzuwa, kuma na daina fara lissafi da allo. Da ƙwallon dabino da murfin kwalba nake farawa, in sa su sayar wa juna. Wanda ya ce yarinyar nan daƙiƙiya ce bai taɓa sayen gyaɗa a hannunta ba.

Na Bakin Kusugu:

Na karɓi gyara, Anti Malama. Cikin 'yan aji ɗayan nan akwai ɗan mai sayar da man gyaɗa, shi kaɗai ya ce ruwan bai ƙaru ba. Sai yau na gane dalili: kullum yana ganin awo da kwalba.

Mai Goyo ta Ƙofar Ƙaura:

Ni ɗaliba ce mai goyo a baya,
Ina rubutu ina jijjiga 'yata.

Wata takwas ta fara ƙiwa,
Ko gwaggonta ba ta yarda ta taɓa ta.

Na ji ana cewa sangarci ne,
Har na fara zargin tarbiyyata.

Sai muka zo babin shaƙuwa,
Na ga ƙiwar nan shaida ce ta wayonta.

Ta gane uwa, ta gane baƙo,
Ta san bayan da ke ɗaukar ta.

Wata Baturiya, Meri Ensiwos,
A Yuganda ta fara bincikenta.

Gida-gida a ƙauyukan gefen Kampala,
Wajen 1954, tana zama da mata.

Ashe goyon Afirka na cikin tushen babin,
Kafin ya shiga littafin makaranta.

Yanzu zancen yaye ke cin raina,
An ce in lokaci ya yi a kai ta Mashi gun kakarta.

Rana ɗaya a raba ta da nono da uwa,
Ni na fi son a bi sannu a janye ta.

Iyayena, ku ba ni shawara,
Ba na son saɓa wa surukata.

Saurayin Sabuwar Unguwa:

An yi ta yara, an yi ta tsofaffi,
Ni na tsakiya, ku waiwaye ni.

Shekara 19, ajinmu ɗaya da 'Yar Marusa,
Mataki na biyar ne ya kama ni.

Erikson ya ce tambayar saurayi ɗaya ce,
Ya tsaya gaban madubi ya ce, "Wane ne ni?"

Baba na so in gaji shagon ɗinki,
Abokai sun tafi Legas sun bar ni.

Zuciya na son alli da allo,
Albashin malami na tsorata ni.

An ce gaban ƙwaƙwalwa, mai taka birki,
Sai wajen 25 yake kammala gini.

Ban faɗa don wanke laifina ba,
Na faɗa ko Baba zai saurare ni.

Malam na Zaure:

Samari, Ahƙafi ta ambaci arba'in,
Can mutum ke cika, ka ji batuna.

Kar ka yi wa mahaifinka gardama a shago,
Same shi bayan isha'i, ku zauna.

Ka ɗinka da yamma, ka koyar da safe,
Na ga masu haɗa biyun a unguwar nan tamu ta Katsina.

Malama daga Dutsin-Ma:

Ƙanena, ka duba mataki na bakwai a takardarka. Magidanci in ya kai tsakiyar rayuwa, babbar damuwarsa ita ce abin da zai miƙa wa na baya. Babanka ba keken ɗinki yake kare wa ba, tsoro yake kada abin da ya iya ya mutu a hannunsa. Kai kana na biyar, shi yana na bakwai, a ɗaki ɗaya.

Inna ta Daura:

Na yi aikin jinya har na yi ritaya, yanzu jikoki nake raino. Mai Goyo, in lokacin ya zo, rage shayarwar rana ɗaya bayan ɗaya, ki saba mata da kunu da faten wake, ta dare ita ce ta ƙarshe. Ki roƙi surukarki ta zo ta yi muku kwana biyu, ko ki bi yarinyar can ku zauna tare. Kin girmama ta, yarinya kuma ba ta rasa fuskarki ba. Yanzu ga amsar da aka bar wa manya.

'Yar Marusa, matso kusa jikata,
Tambayarki ta kwana da ni, zan amsa miki.

Erikson ya tsaya a takwas, ya rasu a 1994,
Matarsa Jowan ta ci gaba da aiki.

Ta haura 90 tana rubutu,
Ta ƙara na tara daga abin da ta ji a jiki.

Ta ce in ƙarfi ya tafi, tsoho na komawa
Ga tambayar jinjiri: wa zan yarda da shi a ɗaki?

Amma ki ji wannan daga ma'aikaciyar jinya,
Ba kowace mantuwa ce tsufa ba, ina gaya miki.

Manta inda aka ajiye carbi, wannan namu ne,
Manta fuskar jika ciwo ne, ku nemi ɗauki.

A 1906 likitan Jamus, Alzaima,
Ya nuna ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa daki-daki.

Na ga tsohuwar da unguwa ta kira mayya,
Don ta fita da dare tana neman gidan biki.

Yara na jifa, manya na kallo,
Ranar na koma gida da baƙin ciki.

Ku kai Kaka a auna jini da suga,
Wata ruɗewar magani na taka mata birki.

In ta kira ki da sunan ƙanwarta,
Ki amsa, ban da gyaran zance, ban da tsaki.

Duk sanda kika ce ƙanwar ta rasu,
Kin sake zaunar da ita sabon makoki.

'Yar Ƙofar Marusa:

Inna, na yi kuka da na karanta, don sau uku ina gaya mata ƙanwar ta rasu, sau uku tana salati tana hawaye. Baba Malam, in na amsa sunan da ba nawa ba, ban yi ƙarya ba?

Malam na Zaure:

'Yata, amsa kira ba rantsuwa ba ce,
Tausayi ne, haka na gani a fahimtata da sanina.

Jika da kaka tun asali suna wasa,
Ta ce kishiya, ta ce ƙawa, ba a taɓa kai su gabana.

'Yar Ƙofar Marusa:

Na gode iyayena, na gode yayyena,
Yau da asuba ta sake kirawa.

Na ce, "Na'am Yaya, ga ni nan tafe,"
Na ga fuskarta tana washewa.

Na kai mata ruwa a ƙwaryar da ta sani,
Ta sha, ta ce rijiyar ba ta ƙafe ba kuwa.

Ta ba ni labarin hawan Salla a Ƙofar Soro,
Zamanin Sarki Nagogo, dawakai na wucewa.

Ta lissafa ƙawayenta na gaɗa su bakwai,
Suna bayan suna, babu mantuwa.

Kawu ya ce Litinin za mu asibiti,
Mai napep ya yi alkawarin zuwa.

Takardar Erikson na buɗe a cinyata,
Kaka a kafaɗata, numfashinta na sauka da hawa.