Tilasta wa mutane sayen inshorar lafiya: wanda ya taɓa riƙe katin ya faɗa mana abin da ya gani

Baban Ummi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne. Watan jiya naƙuda ta zo wa mai ɗakina da gardama, likita ya ce sai an yi aiki. Kafin gari ya waye na sayar da keken ɗinkina guda, na kuma roƙi uwar adashi ta ba ni ɗaukar da ba tawa ba. Alhamdu lillahi, uwa da jaririya suna lafiya. A bakin ɗakin tiyatar na haɗu da wani ma'aikacin gwamnati da aka yi wa matarsa irin wannan aiki, ya nuna mini katin inshorar lafiya, ya ce abin da ya biya bai taka kara ya karya ba. Shi ya faɗa mini cewa tun watan Mayun 2022, da Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowane ɗan Najeriya. Ban taɓa ji ba. Da an tilasta mini tun bara, da kekena yana nan. Amma kuma da me zan biya a watan da babu ɗinki? Don Allah wanda ya shiga ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Alhaji na Sakatariya, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah Ya raya jaririya. Ina cikin tsarin tun ana kiransa NHIS, wanda ya fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo. Ina da hawan jini, duk wata ina karɓar magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa kawai nake biya. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi damuna daban ne. Katin yana ɗaukar ma'aikaci da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ni matana biyu, 'ya'yana tara. Ranar cike takarda na daɗe riƙe da biro, don duk sunan da na rubuta na bar wani. Na sa uwargida saboda ita ce mai ciwon suga, amarya ba ta ce komai ba, amma na san abin ya tsaya mata a rai. Ana iya ƙara sauran da kuɗi, daga baya na ƙara uku, ƙarfina ya tsaya nan. In za a ce dole, a fara duba yadda gidajenmu suke. Sannan sau da yawa a asibitin da nake zuwa sai a ce maganin ya ƙare, je ka saya a kemis.

Maman Sadiƙ, Zariya:
Yaya Baban Ummi, ni ban yarda da tilas ɗin ba. Awara nake soyawa. Abin da na samu yau shi ne cefanen gobe. Mai albashi ba ya neman kuɗin a dunƙule, ni kuwa sai na tara na kai da hannuna, kuma in shekara ta wuce ban yi ciwo ba ba za a dawo mini da ko sisi ba. Wa zai biyo ni bakin kasko ya ce na karya doka?

Anti Nas, Katsina:
Maman Sadiƙ, ƙanwata, na ji ki sarai. Bari in faɗa miki abin da nake gani a wurin aiki. Idan aka bar abin ganin dama, masu zuwa rajista su ne mai ciki wata takwas, da dattijo mai ciwon suga, da wanda aka riga aka ce za a yi masa aiki. Matashi mai jini a jika ba ya zuwa. To asusun da kowa ya shiga don ya ɗiba yau, yaya zai kai gobe? Kamar adashi ne da kowa ya ce shi ne ɗaukar farko. Kuɗin da kika zuba ba ki yi ciwo ba, shi ya yi wa wata aikin haihuwa, ran da naki ya zo na wasu zai ɗauke ki. Na sha ganin an kawo yaro zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga jijjiga, jininsa ya ƙone, don an kwana biyar ana neman kuɗin katin ganin likita. Saboda irin waɗannan yaran nake goyon bayan tilas. Sai dai irinki ba ke ya kamata ki biya ba. Dokar 2022 ɗin ta tanadi asusun marasa ƙarfi, kuma tun dokar lafiya ta 2014 aka ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Ki je ƙaramin asibitin mazaɓarku ki tambaya ko suna rajistar masu ƙaramin ƙarfi.

Baba Zango, Kumasi:
Mu a Gana mun riga ku. Da, sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. A 2003 zamanin Kufuor aka yi dokar inshora, kuma yawancin kuɗin ba daga aljihun mai rajista yake fitowa ba, harajin kashi 2.5 ne a kan kayan da kowa ke saye. A takarda dole ne, amma ban taɓa ganin an kama wani ba. Tun da na haura shekara 70 aka ɗauke mini kuɗin shekara, jikana yake sabunta mini katin ta waya. 'Yata ta haihu sau uku da katin. Wani lokaci a ce mu sayo magani, wannan kam muna fama da shi kamar Alhaji.

Malam na Tudun Wada:
Da farko na ƙi, don ina ganin akwai garari a ciki: ka biya ba ka san abin da za ka samu ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne hadisin Ash'ariyawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. In da niyyar taimakekeniya aka zuba, ni na shiga, na sa iyalina. Amma kuɗin da aka karɓa da ƙarfin doka amana ce mai nauyi, a riƙa faɗa wa jama'a nawa ya shigo, nawa ya fita.

Yaya Direba, Amurka:
Nan ma an sha wannan rigima. Dokar Obama ta 2010 ta sa tara a kan wanda bai saya ba, Kotun Ƙoli ta amince a 2012, daga 2019 tarar tarayya ta koma sifili. Ni don tsoron tara na saya, sai ga shi an yi mini aikin gaggawa a ciki. Da ba katin, da har yau ina biyan bashi.

Baban Ummi, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maman Sadiƙ, damuwata ke nan, biya a dunƙule. Mu teloli muna da ƙungiya, duk Juma'a muna zubi. Zan kai maganar taronmu, ko za a ware wani abu daga zubin a yi mana rajista a tare. Ranar Litinin zan je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha in ji nawa ne kuɗin mutum ɗaya. Anti Nas, jaririyar da ba ta kai wata biyu ba, ana yi mata nata katin ne, ko tana shiga na uwarta?