Tayar dusar ƙanƙara a damunar Legas: ta dace ko ba ta dace ba?

Mazaunin Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramar mota ƙirar Corolla wadda nake zuwa aiki da ita daga Agege zuwa Obalende, kuma kusan kullum ta gadar Third Mainland nake bi. Watanni biyu da suka wuce na sayi tayoyin gaba guda biyu na gwanjo, waɗanda ake kira tokumbo, domin sababbi sun fi ƙarfin aljihuna a lokacin. A gefen kowace akwai harufan M+S (taƙaicen laka da dusar ƙanƙara a Turance) da kuma zanen dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. Mai sayarwar ya ce mini tayar ƙasar Turawa ce da aka yi domin dusar ƙanƙara, kuma tayar da ta riƙe ƙanƙara ai ruwan sama wasa ne a wurinta.

Ranar Talatar da ta gabata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ina kan titin Ikorodu, sai na ji sitiyarin ya yi sakayau a hannuna, motar kuma ta fara karkata duk da ban juya ta ba. Allah ya tsare, amma har yanzu gabana na faɗuwa idan na tuna. Shin laifin tayoyin ne ko nawa? Kuma gaskiya ne tayar ƙanƙara ta fi dacewa da damuna?

Tsohon Direba, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Sannu da arziki, ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Abin da ya same ka sananne ne ga duk wanda ya daɗe a kan sitiyari. Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ce, aikinsa shi ne ya kori ruwan da ke tsakanin roba da kwalta, kuma idan ruwan ya fi abin da zanen zai iya kora, ko dai saboda gudu ko saboda zanen ya cinye, sai tayar ta hau saman ruwan ta daina taɓa titi gaba ɗaya. A wannan lokaci sitiyari da birki duk ba su da amfani. Abin yi shi ne ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyarin inda kake son motar ta nufa, kada ka fizge shi, kada kuma ka danna birki da ƙarfi, har tayar ta sake kama ƙasa.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, je ka duba abu biyu. Na farko zurfin zanen. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin kusan milimita 8, kuma a cikin ramukan zanen akwai 'yan ƙananan tudun roba da masu ƙerawa suka sa a tsayin milimita 1.6, wanda idan saman tayar ya yi daidai da su ta gama aiki ke nan. Ni dai a ruwan Legas ba na jira ta kai nan, da ta sauka zuwa milimita 3 nake fara neman kuɗin wata. Na biyu shekarunta. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, wato idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa sun sha faɗa cewa shekara huɗu suke ba taya daga ranar ƙira, alhali wasu kamfanonin taya, irin su Michelin, suna cewa a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma yar da ita idan ta cika goma ko da zanenta na nan. Ka zaɓi wanda za ka bi, amma ka sani a kan hanya jami'in ne zai tsayar da kai.

A da can ana ƙera taya a nan ƙasar. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008, tun daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigowa da kaya, har da tsofaffin tayoyi, duk da cewa suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigo da su.

Baƙon Jamus:

Baba Direba ya gama magana a kan ruwa, ni kuma zan taɓa batun ƙanƙarar domin na yi hunturu shida ina tuƙi a Jamus kafin na dawo Legas. Malam, mai sayarwar nan ko dai bai sani ba ko kuma ya so ya rabu da hajarsa ne. Abin da ya bambanta tayar hunturu da sauran shi ne irin robar da aka haɗa ta da ita, wadda aka yi ta mai laushi domin kada ta daskare ta yi tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyas, sannan aka yi mata ƙananan tsage masu yawa da ke cizon dusar ƙanƙara. Legas kuwa ba ta taɓa ganin digiri 7 ba, ko da sanyin hunturun da ke ɗan leƙo mu a Janairu. A kan kwalta mai zafi robar takan yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, motar ta riƙa rawa a kwana, kuma tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da mota ta ƙaru, a busasshen titi da jiƙaƙƙe duka.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin waɗannan tayoyi suka cika kasuwanninmu. A can, tayar hunturu tana rasa amfaninta a ƙanƙara da zarar zanenta ya sauka ƙasa da milimita 4, har ma a Ostiriya doka ba ta ɗaukar wadda ta gaza haka a matsayin tayar hunturu. Don haka mai mota yakan cire ta tun tana da sauran zanen da ido zai gani ya yaba, sai a tara su a loda a kwantena. Wanda ya gan ta a nan zai ce ai kusan sabuwa ce, alhali ta yi hunturu huɗu ko biyar tana aiki.

Ga masu shirin tafiya karatu ko aiki ƙasashen sanyi, a wasu daga cikinsu kam wajibi ce. A Jamus doka ta ce idan akwai ƙanƙara a titi dole motarka ta kasance da ita, kuma tun Oktoban 2024 harufan M+S kaɗai ba sa wadatarwa sai da alamar dutsen nan. A lardin Kebek na Kanada tilas ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Littafin dokokin hanya na Birtaniya yana koyar da cewa tazarar tsayawa tana ninkawa biyu a ruwa, a kan ƙanƙara kuwa tana iya kai ninki goma, shi ya sa ake tashi da giya ta biyu, a taɓa totur da birki kamar ana taka ƙwai.

Hajiya ta Lekki:

Malamai, duk na yarda da bayaninku, amma ina ganin kun sauke wa direban nauyinsa da yawa. Ɗan'uwa mai tambaya bai faɗa mana gudun da yake yi ba, kuma ko sabuwar taya fil ce aka ɗaura, idan aka shiga ruwan da ya kwanta a titi da gudun kilomita 90 a awa, za ta iya sulɓewa. Mu da ke wannan ɓangaren mun san cewa daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma dawowar ruwan Satumba da Oktoba, babbar matsalar ita ce ruwan da ke taruwa idan magudanai sun toshe. Ruwan da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma idan ya shiga ta inda inji ke shaƙar iska, injin ya tashi aiki. Idan motarka ta mutu a cikin ruwa kada ka sake tayar da ita, a tura ta waje a kira bakanike. Ni nakan tsaya na ga inda ruwan ya kai a jikin danfon da ke gabana, wato bas ɗin haya na Legas, kafin na shiga, idan kuma na fito sai na riƙa taɓa birki a hankali har ya bushe.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa da zarar an fara ruwa alhali ana tafiya, domin na baya ba zai san ko ka tsaya ne ko za ka sauya layi ba. Fitilar gaba ta ƙasa ta isa. Haka kuma masu faci da ke ba mutane shawarar rage iska wai domin taya ta kama ƙasa a ruwa suna cutar da su ne, saboda taya mai ƙarancin iska ta fi saurin hawa ruwa. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Mazaunin Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, gaskiyarki, ina sauri ne a ranar domin na makara, kuma na haura 80. Na duba tayoyin kamar yadda Baba ya ce, na ga 4117 a jikin ɗaya, ɗayar kuma 0818, zanen ma ya kusa taɓa tudun nan. Kuɗin guda biyu sababbi kawai zan iya haɗawa a ƙarshen wata, don haka zan cire waɗannan na sa sababbin a gaba, tunda motar da tayoyin gaba take ja.

Tsohon Direba, Idi-Araba:

A'a ƙanena, a baya za ka sa sababbin, ka dawo da na bayan gaba idan suna da lafiya. Na san masu faci da yawa za su yi maka musu, amma idan gaba ya sulɓe kana jin sa a sitiyari kuma ɗage ƙafa yakan gyara shi, idan kuwa baya ne ya sulɓe, motar juyawa take yi da kai kafin ka ankara. Ka sayi girman da ke rubuce a ƙofar motarka, ka duba makon ƙira da idonka kafin ka biya, ka kuma nemi wadda aka rubuta mata A a wajen jure zafi, domin a gefen taya ana nuna darajar A ko B ko C. Idan kuɗi ya ragu, ka sauya robar waifa a ranar, tunda ranar Legas ta riga ta busar da tsohuwar.