Batiran inbata sun daina riƙe caji, ina mafita?

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar sola, ku taimaka min da shawara.

Ina da ɗan shagon cajin waya a Unguwar Rogo, nan Jos. Shekara biyu ke nan da na sa batira biyu masu ruwa, kowanne 200Ah, a haɗe da inbata mai 24V. Da farko idan aka ɗauke wuta da magariba, sai su kai ni har asuba. Yanzu ko awa uku ba sa yi, inbatar ta fara kuka.

Abin da ya ɗaure min kai, da rana mita na nuna sun cika, amma da na jona firiza sai ɗaya ya faɗo ƙasa da 11V, ɗayan yana nan daram. Na ƙara ruwan batir, na kankare farin garin da ya taru a kawunansu, shiru. Gaskiya na sha barinsu su ƙare ƙaf, kuma na ji hakan yana kashe irin waɗannan batiran.

Wani ya ce sanyin hunturun Jos ne, ban gamsu ba. Ana iya farfaɗo da mai raunin? In na sayi sabo guda na haɗa da tsohon, ba zai ja shi ƙasa ba? Kuɗin batirin lithium dai ya fi ƙarfina yanzu.