Wane fim ne ya taɓa hana ku zuwa bayi da dare?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum jama'a. Musu ne ya sarƙe mu a majalisa jiya bayan isha'i. Wani ƙanena ya dage wai The Nun ne ƙarshe a ban tsoro, na ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ni a wajena The Nun na 2018 suna ne kawai. An kai mu wani tsohon gini a Romaniya, an kashe fitila, sai can a buga ƙara a kunnenka ka zabura. Wannan firgita ce ta minti ɗaya, kana fita ka manta. Amma ga shi ya tara sama da dala miliyan 300. Ina son jin ta bakinku: wanne ya fi kyau, wanne ya fi tsoro, wanne aka zuzuta a banza?

'Yar Malali: Wa alaikumus salam. Yaya, ka nemi Dabbe na Turkiyya, musamman na 2013 wanda Hasan Karacadağ ya shirya. Amarya ce aljani ya shige ta a daren ƙunshinta, ta kashe angon a gaban mutane. Sai wata likita da ba ta yarda da aljanu ba ta ɗauki kyamara ta bi wani malami zuwa ƙauyen, wai don ta nuna ƙarya yake. Abin da ya kashe min jiki shi ne babu baƙon abu a ciki. Ana karanta ayoyin da na haddace, ana tono sammu da aka binne, ana maganar hassadar dangi. Mu huɗu muka kalla a waya ɗaya a ɗakin Anti, lokacin bikin wata 'yar uwarmu, lalle na hannunmu bai ma bushe ba. Da aka zo wurin da muryar yarinyar ta canza, babbarmu ta kife wayar ta ce kowa ya tashi ya yi alwala. Babu wadda ta yarda ta fita tsakar gida ita kaɗai, a jere muka tafi da buta ɗaya.

Kawun Yara: Ku yaran yanzu kun samu sauƙi, kuna iya kife waya. Mu a gidan kallo muka gani a Tudun Wada, zamanin kaset, ka biya kuɗinka ka zauna a benci, ba ka isa ka tashi ba don kada abokai su mayar da kai abin dariya har sati. Evil Dead na 1981 shi ya fara gigita mu, da waccan matar da aka kulle a ƙarƙashin daɓen ɗaki tana ɗago murfin tana dariya. Amma tsoron gaske sai an tashi. Janareta ya mutu, unguwa baƙi ƙirin, kuma hanyar gidanmu ta gefen maƙabarta take. Takalmi a hannu nake yin wannan hanyar. Kwanakin baya na sake kallonsa, jinin ma kamar an dama fenti, har jikana yana tambayata wai wannan ne abin tsoron.

Wanda bai tsufa ba a wurina shi ne Living in Bondage na 1992. Andy ya ba da matarsa Merit don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat. Babu wata fasahar kirki a ciki, amma a lokacin kowa yana da labarin wani da ya yi arziki dare ɗaya ana ƙus-ƙus a kansa.

Direban Mando: Ni aljanun fim ba sa damuna. Final Destination 2 ne ya ɓata min sana'a. Farkon fim ɗin, babbar mota ɗauke da gungumen itace, sarƙa ta tsinke, itacen ya zubo kan titi ya shige ta gilashin motar ɗan sanda. Tun 2003 aka yi fim ɗin, amma har yau in na tarar da tirela da kaya a ɗaure a hanyar Zariya, ko dai in wuce ta ko in ja baya sosai. Fasinja su yi ta mita.

Maman Biyu: Kawu, a yi haƙuri zan taɓa manya. The Exorcist na 1973 da ake cewa babu kamarsa a tarihi, ni barci ya sa ni. Kusan rabin fim ana yawo da yarinya wajen likitoci. Da kanta ya juya baya ta yi aman nan kore, ƙyama na ji, ban ji tsoro ba. Wataƙila don mun saba ganin ana ruƙiyya a makarantun 'yan mata da cikin gidaje, abin bai zo mana a sabo ba. In ana son irin wannan labarin a yi shi yadda zai shige mu, a kalli Munafik na Malesiya, 2016. Malamin ruƙiyya ne matarsa ta rasu a haɗarin mota, zuciyarsa ta kasa haƙura, a haka aka matsa masa ya je ya yi wa wata yarinya karatu. Mai maganin ma yana fama da nasa ciwon. Nan ne tsigar jikina ta tashi.

Kawun Yara: 'Yata, ba ki taɓa ni ba, amma ki yi wa Exorcist adalci. Duk waɗannan da kuke yabo a bayansa suka biyo.

Ɗan Barnawa: Ba wanda zai ambaci na Indiya? Raaz na 2002 ni ban ɗauke shi fim ɗin tsoro ba. Ana cikin ihu a daji sai a yanke a shiga waƙa, kafin a dawo tsoron ya huce. Bhoot na 2003 ya fi shi nesa ba kusa ba, babu waƙa, gidan bene ne kawai a Mumbai da matar da ta fara tafiya cikin barci. Sai dai ku guji kallon irin waɗannan da fassarar Hausa in tsoro kuke nema. Fatalwa ta fito, mai fassara ya jefa wata maganar 'yan tasha, ɗaki ya ɗauki dariya.

'Yar Malali: Wallahi haka ne. Amma Yaya Ɗan Rigasa, kada haushin The Nun ya shafi The Conjuring na farko, na 2013, duk da daga jerinsa ya fito. Wurin wasan ɓuya da tafi, uwar tana tsaye a bakin matakala da ashana a hannu, sai hannaye biyu suka fito ta bayanta cikin duhu suka tafa. Babu jini ko ɗigo a wurin. Na baya ne suka lalace, Annabelle da sauransu. 'Yar tsana tana zaune ba ta ko motsi, a ce in ji tsoro?

Ɗan Rigasa: Na yarda da Conjuring. Paranormal Activity fa? An ce da kusan dala 15,000 aka ɗauke shi a cikin gida ɗaya. Mutane da yawa sun ce ba komai a ciki sai ƙofa tana motsi. Ni kuwa wurin da matar ta tashi tsakar dare ta tsaya a kan saurayin yana barci, agogon kyamara yana ta gudu ita tana tsaye ƙiƙam, ya fi min dodo goma.

Maman Biyu: Wannan kam maigidana ne ya ji a jikinsa. Bayan mun kalla na tashi cikin dare zan ɗauko wa yaro ruwa, na tsaya ta gefensa ina lalubar tocila. Ya buɗe ido ya gan ni a tsaye, sai ji na yi ya ɗauko Ayatul Kursiyyu da ƙarfi har maƙwabta. Da safe ya ce wai dama addu'ar dare yake yi.

Direban Mando: Hajiya, a gaishe da Alhaji, muna tare da shi. 'Yar Malali, wancan Dabbe ɗin akwai shi wurin masu tura fim a Kasuwar Barci kuwa? Da rana zan kalla, a tasha, cikin mutane.