A koya wa sabbin likitoci AI yanzu, ko a bari sai hannunsu ya faɗa?

Mai bincike: Assalamu alaikum. Farfesa, ranka ya daɗe, ina so in dawo da maganar da muka tashi ba mu ƙarasa ba ranar Laraba. Ni dai ina nan kan bakata: a sa koyar da aiki da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, cikin horon kowane likita tun shekararsa ta farko a asibiti, a haɗa da mu masu bincike. Akwai gwajin da aka yi a Amurka, mujallar JAMA Network Open ta buga a Oktoban 2024. An raba likitoci 50 gida biyu, aka ba su bayanan rashin lafiya, ana ba su maki kan yadda suka bi suka gano cutar. Masu aiki da manhajar hira ta ChatGPT sun samu kashi 76 cikin ɗari, waɗanda suka yi da abin da aka saba sun samu 74. Manhajar ita kaɗai kuwa ta samu wajen 92. Kayan aiki na hannunsu, amma ba su iya morarsa ba. Da yawa guntayen tambayoyi suka riƙa jefa mata kamar Google, ba su ba ta labarin majinyacin gaba ɗaya ba.

Farfesa: Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta shi. Amma labari ne a takarda, wanda wani ya riga ya tace ya jera. Wanda yake zuwa gabanmu cewa zai yi "jikina ne babu daɗi", shi ke nan. Sai ka yi ta tono kafin ka gano ya sha jiƙo, ya sha maganin kemis kwana biyar, matarsa ma tana tari. Wannan tonon shi ne likitanci, kuma a bakin gado ake koyonsa. Ki duba abin da ya faru a Folan, wanda aka buga a 2025. Ƙwararrun masu leƙa hanji da kyamara ne a cibiyoyi huɗu. Bayan sun saba da AI tana nuna musu tsiro, duk lokacin da suka yi aikin babu ita sai yawan waɗanda suke gano wa tsiron ya sauko daga kusan kashi 28 cikin ɗari zuwa 22. Cikin watanni kaɗan fa. Idan idon ƙwararre ya dusashe haka, ina ga yaron da nasa idon bai ma buɗe ba? Ban yarda a ba sabon likita ba sai ya yi ƙwari.

Likita mai neman ƙwarewa: Ranka ya daɗe, a gafarce ni in sa baki. Maganar a ba su ko a hana su ta wuce, don tana cikin wayarsu. Duk mai aikin dare ya san haka. Da idona na ga wani ƙaninmu ya ɗauki hoton fayil ɗin majinyaciya, da sunanta da lambar katinta da sakamakon gwajinta, ya tura wa manhaja yana neman shawara. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ya fitar da sirrin baiwar Allah zuwa inda bai sani ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya. Shirun da muka yi shi ne ya bar shi ya koya a ɓoye.

Sista: Gaskiyar Dakta. Ni ma na taɓa tsayar da allurar wani yaro, don na ga adadin ya yi yawa. Da na tambaya, ashe likitan bai faɗa wa manhajar nauyin yaron ba, ita kuma ba ta tambaya ba. In za a yi horon, kada a bar mu ma'aikatan jinya a baya, mu ne muke riƙe da sirinji.

Likitan hoto: Ina ganin muna haɗa abu biyu wuri ɗaya. Manhajar hira daban, manhajar karanta hoto daban. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin su CAD4TB da qXR wajen tantance tarin fuka, wato tibi, a hoton ƙirji, ga masu shekara 15 zuwa sama, kuma ana aiki da su a ƙasar nan. To amma ita maki kawai take bayarwa, ba ta ce maka mutum na da tibi. Mutane ne za su tsayar da makin da daga shi za a tura a yi gwajin majina da na'urar GeneXpert. In aka sa shi ƙasa da yawa, layi ya cika da masu lafiya, kayan gwaji su ƙare. In aka ɗaga shi, masu cutar su koma gida suna yaɗa ta. Wanda ya taɓa warkewa daga tibi ma, tabon huhunsa kan ɗaga makin. Wa zai san wannan in ba a koya masa ba? A Tailan, manhajar Google ta duba idon masu ciwon suga ta yi kyau a ɗakin gwaji, amma da aka kai ta ƙananan asibitoci sai ta ƙi karɓar kusan hoto ɗaya cikin biyar, sau da yawa saboda yanayin hasken ɗakunan bai dace da ɗaukar hoton ido ba. Mu da muke fama da wuta, wannan labarin namu ne.

Farfesa: Wannan ban ja ba, Dakta. An gwada su, an san iyakarsu. Rigimata da mai hirar ce, wadda take ba ka amsa da cikakken gaba gaɗi ko ta sani ko ba ta sani ba.

Mai bincike: Ai wannan halin nata shi ne darasin farko, ranka ya daɗe. Wani ɗalibina ya kawo min aiki da madogara takwas, na nemi uku na rasa: sunayen marubuta na gaske, mujalla ta gaske, takardar kuwa babu ita a duniya. Da na zaunar da shi muka bi su ɗaya bayan ɗaya a PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, daga ranar bai sake ba. Tun 2023 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya ce ba a sa manhaja a jerin marubuta, kuma dole ka bayyana in ka yi aiki da ita. Masu bincikenmu nawa suka san da haka? Sannan horon da nake nufi ya wuce iya rubuta tambaya. Ya haɗa da sanin yadda ake tuhumar kayan aiki: a kan su wa aka horar da shi, a ina aka gwada shi, mutum nawa yake kuskurewa. A 2021 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gwada wata manhajar hango gubar jini da ɗaruruwan asibitocin Amurka ke aiki da ita, suka tarar tana kuskure kusan biyu cikin uku na masu cutar.

Farfesa: To ga sharaɗina. Sabon likita ya fara rubuta abin da yake zato da biro a fayil, da dalilinsa, kafin ya taɓa waya. A zagaye zan tambaye shi inda suka saɓa da manhajar da wanda ya bi. Sannan wa zai koyar? Mu manyan ma ba mu iya ba. Da mu ya kamata a fara, a sa shi cikin darussan ƙaro ilimi da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Nijeriya, ke nema kafin sabunta lasisi.

Likita mai neman ƙwarewa: Sharaɗin ya yi, ranka ya daɗe, sai dai ƙarfe biyun dare, likita ɗaya da majinyata cike da ɗaki, babu mai duba wanne ya riga, biro ko waya.

Farfesa: Shi ya sa har yanzu hankalina bai kwanta da 'yan shekarar farko ba.

Likitan hoto: Bari in kawo hotunan ƙirji 20 ranar Laraba, na cire sunaye. Kowa ya karanta da idonsa ya rubuta, sannan mu buɗe makin manhajar da sakamakon majina. Sista, ki zo da mutanenki.

Farfesa: Zan zo in sha Allahu. A fara da ni.