Muhawara: Hackney Diamonds ya isa a jera shi da tsofaffin faya-fayan Rolling Stones?

Mai Faifai: Salamu alaikum 'yan zaure. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya sha ruwa. Hackney Diamonds, kundin waƙoƙin da Rolling Stones, ƙungiyar kiɗan rok ta Birtaniya, suka fitar ranar 20 ga Oktoba 2023, ya fi duk abin da suka yi tun bayan Tattoo You na 1981. Kai, ni a wurina ya isa ya zauna sahu ɗaya da Sticky Fingers. Waƙoƙi 12, babu ta zubarwa. Lokacin mawaƙinsu Mick Jagger yana da shekara 80, masu jitarsu kuma Keith Richards 79, Ronnie Wood 76. Ku nuna min sa'anninsu da suka yi irin wannan aiki.

Kawu: Wa alaikumus salam. Farkon maganarka zan iya haɗiyewa, amma ta Sticky Fingers ɗin nan, ɗana, ka janye ta tun ba a ji a waje ba. Mutanen da daga 1968 zuwa 1972 suka jero Beggars Banquet da Let It Bleed da Sticky Fingers da Exile on Main St. ake magana fa. Kuma da ka fara da lissafin shekaru ai ka riga ka ka da kanka. Waƙar da sai an faɗi shekarun mai ita kafin a yaba, tausayin tsufa ake yi mata.

Auta: Kawu ni dai a bar min Sweet Sounds of Heaven. Sama da minti bakwai, amma ban taɓa tsallake ta ba. Wurin da kiɗan ya lafa kamar an gama, sai Stevie Wonder ya ci gaba da taɓa fiyano, Lady Gaga da Jagger suka shiga ba-ni-in-ba-ka har waƙar ta sake tashi, wallahi tsigar jikina tashi take yi.

Kawu: To ka ji. Lady Gaga, Stevie Wonder, Elton John a waƙa biyu, Paul McCartney da jitar bas a Bite My Head Off. Gayya aka yi ko kundi? In ƙarfin gida ya isa, me ya kawo tara baƙi haka?

Mai Faifai: Haba Kawu, nan kam ka ba ni makami. Wace ce ta tsage murya a Gimme Shelter a 1969? Merry Clayton ce, kuma ba 'yar ƙungiyar ba ce. Nicky Hopkins da Billy Preston da Bobby Keys duk daga waje aka riƙa ɗauko su a zamanin da kake yabo. Mutanen nan tun can ba su taɓa cin tuwonsu su kaɗai ba.

Kawu: Waɗancan an kira su ne don aikin yana buƙatarsu. Waɗannan sunansu aka kira.

Hajiya: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Maganar tana wurin ganga. Mai gangarsu Charlie Watts ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021, kuma a waƙa biyu kaɗai yake cikin kundin, Mess It Up da Live by the Sword, waɗanda aka naɗa tun yana raye. Sauran masu ganga a ciki duk Steve Jordan ne ya buga. Ban raina Jordan ba, Charlie da kansa ya amince ya riƙe masa kujera, kuma ya daɗe yana aiki da Keith tun kundin Keith ɗin na 1988. Amma hannunsu daban ne. Jordan dukan ganga yake da ƙarfi, kowane bugu a kan lokacinsa cif. Charlie kuwa jitar Keith yake bi, sai ya zama kamar ya ɗan makara da ƙiftawar ido, ga shi da ɗabi'ar ɗage sandar hannun dama duk sa'ad da zai saukar da ta hagu. Wannan 'yar makarar ita ce take sa kiɗansu rangaji. Auta, sa iyafis ka ji Angry, sannan ka bi ta da Live by the Sword, inda Charlie yake tare da Bill Wyman, tsohon mai jitar bas ɗinsu da ya bar su tun 1993. Za ka ji kafaɗarka ta motsa a ta biyun ba ka sani ba.

Auta: Hajiya na gwada yanzu. Gaskiya akwai bambanci, amma ni Angry ta fi min daɗi a mota.

Hajiya: A mota, ai shi ke nan.

Ɗan Agadas: Barkanmu da yamma. Ni mai taɓa jita ne, don haka bari in shigo ta inda na sani. Ina bayan Hajiya, amma laifin bai tsaya a kan mai ganga ba. Furodusan kundin, Andrew Watt, an haife shi a 1990, wato Tattoo You ma ya girme shi da shekara tara. Yaron ya iya aiki, ya yi wa Ozzy Osbourne da Iggy Pop, sai dai salonsa shi ne matse sauti ya turo komai gaba. Murya a gaba, ganga a gaba, jita a gaba, babu abin da ya rage a baya da kunne zai je ya nemo. An yi shi ne don lasifikar waya. Exile kuwa, wani ɓangarensa a ɗakin ƙasa na wani gida da Keith ya kama haya a kudancin Faransa aka naɗe shi a 1971, ga zafi ga gumi, muryar Jagger ta nutse cikin kiɗa har sai ka kasa kunne kafin ka tsinci kalmomin. Wannan dattin shi ne daɗinsa. Keith yakan cire tsirkiya ɗaya ya bar jitarsa da biyar, kuma irin wannan kiɗa yana son fili tsakanin bugu da bugu. A sabon kundin an cike filin.

Mai Faifai: Malam, wannan yaron da kake kuka da shi, shi ya sa aka ga kundin ma. Tun A Bigger Bang na 2005 ba su fitar da kundin sababbin waƙoƙi ba, shekara 18 ke nan. Blue & Lonesome na 2016 tsofaffin waƙoƙin wasu ne suka maimaita. Suna ta shiga situdiyo suna fita babu abin nunawa, sai da Jagger ya gindaya wa'adi, Watt ya tsare su aka gama. Sakamako kuma ga shi: na ɗaya a Birtaniya, na uku a Amurka, sannan a Fabrairun 2025 ya ci Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka, na kundin rok mafi kyau.

Kawu: Alhamdu lillahi da ka kawo Grammy da bakinka. Ka san yaushe Rolling Stones suka fara cin Grammy a gasa? Sai 1995, da Voodoo Lounge. Let It Bleed bai ci ba, Sticky Fingers bai ci ba, Exile bai ci ba. In da wannan ma'auni za mu bi, Voodoo Lounge ya fi su duka, kuma na san ko kai ba za ka iya furta haka a gaban mutane ba.

Auta: Kawu ya yi wuju-wuju da Yaya.

Mai Faifai: Kai Auta yi mana shiru, kai da Lady Gaga ta jawo ka cikin zancen.

Hajiya: Ka ce a nuna maka sa'anninsu. Bob Dylan yana da shekara 79 ya fitar da Rough and Rowdy Ways a 2020, kuma kana ji ka san dattijo ne yake magana da bakin dattijo. David Bowie ya fitar da Blackstar a Janairun 2016, kwana biyu kafin mutuwarsa, yana kallon abin da ke gabansa ido da ido. Abin da ke damuna da Hackney Diamonds ke nan. Jagger ya kai 80, an yi masa aikin zuciya a 2019, ya rasa Charlie abokin aikinsa na kusan shekara 60, amma yawancin waƙoƙin rigimar saurayi da budurwa ce. Keith ne ya fi fuskantar tsufan a Tell Me Straight, da muryarsa da ta dushe, kuma ita na fi komawa.

Mai Faifai: To Hajiya wa ya ce dole tsoho ya yi waƙar kabari? Jagger bai taɓa zama mai wa'azi ba. Sana'arsa tsalle da tsokana, kuma ya nuna har yanzu yana iyawa. In ya koma yin irin ta Dylan, ku ɗin nan ne za ku ce ya ari rigar da ba tasa ba.

Ɗan Agadas: Nan kam ina tare da kai, kuma zan ba ka wata kyauta. Waƙar ƙarshe, Rolling Stone Blues, ta Muddy Waters ce, wadda daga ita ƙungiyar ta samo suna a 1962. Su biyu ne rak a ciki, Keith da jita, Jagger da murya da hamonika, babu ganga babu baƙo. Waɗannan su ne samarin da suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Dartford a 1961, Jagger na rungume da faya-fayan Muddy Waters da Chuck Berry. A nan Watt ya janye hannunsa, sai ga filin da nake nema ya dawo. Mu a nan irin wannan kiɗa ba baƙo ba ne a kunnenmu, Bombino namu, mai jita ɗan Nijar, ma ya taɓa shiga naɗi ɗaya da Keith da Charlie. Da rabin kundin haka yake, da ni zan fara goya maka baya a kan Kawu.

Kawu: Wannan waƙar kam ban da ta cewa. Amma ka lura, mafi kyawun abin da ke cikin sabon kundin nasu waƙar 1950 ce.

Mai Faifai: Kuma Tattoo You da kuka yarda a auna da shi, yawancinsa ragowar naɗe-naɗen shekarun 1970 ne aka kakkaɓe aka gyara. Ina nan a kan bakana: tun 1981 ba su yi kamarsa ba.

Kawu: Wannan na bar maka. Ta Sticky Fingers fa?

Mai Faifai: Ita ma ban janye ba.

Auta: Ku tsaya ku ji. Kun san wa ya ɗauki nauyin rangadin da suka yi a Amurka a 2024 don tallar kundin nan? AARP, ƙungiyar 'yan fansho da dattawan Amurka.

Hajiya: To Kawu, sai ka nemi fom.

Kawu: Ke da Auta zan gamu da ku ranar suna. Mai Faifai, turo min waƙar ƙarshen nan ita kaɗai, sauran 11 ka riƙe abinka.