Tambaya kan karen tsere greyhound: asalinsa, gudunsa, da inda ake kai shi in ya gaji

Ɗan_Mafarauci

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga masu sani, musamman 'yan uwa mazauna Turai ko likitocin dabbobi in akwai su a nan. Jiya da daddare ƙanena ya nuna mun wani bidiyo a waya, karnuka shida an zuba su cikin wasu akwatuna, ana buɗewa suka fito kaman an saki kibiya suna bin wani abu mai kama da zomo da ke gudu kan ƙarfe a gefen fili, kafin in gyara zama har an gama. Yace sunansu greyhound. Ni gidan farauta na tashi, babanmu Allah ya jiƙansa karnukansa bakwai lokacin muna ƙauye wajen Bichi, akwai wata karya da yake ce ma Guguwa wadda zomo bai isa ya tsere mata a fili ba, to na san kare mai gudu in na ganshi amma wlh abin da na gani jiya daban ne. Daga ina suka samo asali, kuma gudun nasu ya kai nawa? Sannan abin da yafi tsaya mun a rai, a gidanmu in kare ya tsufa gida yake zama yana cin ragowar tuwo har ya mutu, to su waɗannan da ake nema ma kuɗi dasu in ƙafa ta gaza ina ake kaisu?

Bakano_a_Manchester

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambayi abin da ya shafi garin da nake zaune, domin a nan Manchester aka fara irin wannan tseren a Ingila, a filin Belle Vue ranar 24 ga Yuli 1926, kuma filin yayi aiki har zuwa 2020 kafin a rufe shi.

Amma karen ya girmi tseren nesa ba kusa ba. Asalinsa karen farauta ne irin na babanku, bambancin shi da ido yake farauta, baya sa hanci ƙasa yana bin sawu, hango dabba yake ya rufa mata baya. A zanen kaburburan Masar na da ana ganin siraran karnuka masu irin wannan ƙirar, saidai shi wannan da ka gani a Birtaniya aka tace irinsa shekaru aru aru, sarakuna da masu gonaki ne ke kiwonsa. Wasansu na da shine a saki zomo mai rai a fili sai a saki karnuka biyu su bishi, alƙali yana kan doki yana lissafa wanda yafi gudu da wanda yafi iya juya zomon. Babbar gasar wannan itace Waterloo Cup da aka fara 1836 kusa da Liverpool, ba'a daina ba sai 2005 bayan dokar hana farauta da karnuka ta fara aiki.

Zomon ƙarfen nan kuma wani Ba'amurke ne Owen Patrick Smith ya ƙirƙiro shi, aka buɗe fili na farko a Emeryville ta jihar Kalifoniya a 1919. Daga nan ne abin ya tashi daga hannun masu kuɗi ya koma na leburori da ma'aikatan masana'anta, domin baka bukatar doki ko gona, ka tashi aiki da yamma ka biya kuɗin shiga ka sa 'yan sulallanka kan kare mai lamba kaza. Wato tun farko caca ce ta riƙe shi. 1927 aka fara Derby, wato babbar gasar tseren karnuka, a White City a Landan, wani kare ɗan ƙasar Ailan mai suna Mick the Miller ya cinye 1929 da 1930 a jere, yayi suna kaman ɗan ƙwallo, har yanzu gawarsa na nan an busar an ajiye a gidan tarihi na Tring. Yanzu dai kasuwar ta faɗi sosai, filaye da yawa an rushe an gina gidaje, Wimbledon ma an rufe 2017, galibin tseren da ya rage ana yinsa ne don a haska a shagunan caca da intanet, wani lokacin da rana tsaka ba 'yan kallo ko kaɗan.

Likitan_Dabbobi_Zazzau

Bari in ɗauki ɓangaren gudun. Yana kaiwa wajen kilomita 70 a awa, kuma abin mamakin ba yawan gudun bane kawai, saurin kaiwa can ne, taku shida ko makamancin haka ya isa. Ka kwatanta da Usain Bolt ranar da ya kafa tarihin sakan 9.58 a tseren mita 100 a Balin a 2009, ƙololuwar gudunsa bai wuce kilomita 44 da ɗoriya ba. Tseren da ka gani yawanci mita 480 zuwa 500 ne kuma ƙasa da sakan 30 an gama, shi yasa baka gyara zama ba.

Sirrin yana jikinsa gaba ɗaya. Ka duba ƙirjin nan mai zurfi, zuciya ce babba da huhu a ciki, cikin kuma ya ɗame ya haye sama don ƙafafun baya su samu wurin shigowa. Gadon bayansa lanƙwashewa yake yana miƙewa kaman sifirin, in aka rage saurin bidiyon zakaga a taku ɗaya sau biyu duk ƙafafunsa huɗu suna barin ƙasa, sau ɗaya ya dunƙule ƙafafun baya sun wuce na gaba, sau ɗaya ya miƙe samɓal. Jininsa ma yafi na sauran karnuka yawan jajayen ƙwayoyi, har asibitocin dabbobi na can suna neman su wajen bada jini.

To amma duk abin da ya bashi gudu shi ne kuma rauninsa. Bashi da kitse, fatarsa siririya ce ƙaya kaɗan sai ta yage, sanyi na damunsa zafi ma haka, wasu alluran barci da muke ma karnukan gida in aka yi masa sai ya daɗe bai farka ba. Filin kuma zagaye ne, kullum hagu suke karya kwana, nauyin kilo talatin da wannan gudun duk sai ya sauka kan ƙafa ɗaya, shi yasa karayar da aka fi gani itace ta ƙaramin ƙashin idon sawu na ƙafar baya ta dama. Kwanar farko tafi haɗari don duk a cunkushe suke isa, ɗaya ya taɓa ɗaya sai kaga kare ya wuntsila. Irin wannan karayar sau da yawa tana gyaruwa da tiyata, matsalar in kuɗin aikin yafi abin da karen zai ƙara kawowa, nan ne wasu ke cewa a yi masa allura kawai ya mutu. Kuma suna barin tsere suna shekara 4 ko 5 alhali kare ne da zai iya kai 12 ko fiye, ka ga rabin rayuwarsa ko fiye tana gaba lokacin da mai shi ya gama dashi.

Ɗan_Adar_Tawa

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni dai in ƙara muku wani abu, wanga kare na Turawa yana da ɗan uwa nan wajenmu. Arewa ga Tawa cikin Azawak, Buzaye na da wani kare dogo siriri kamar barewa, su oska suka ce mishi, Turawa sunka sa mishi sunan ƙasar, Azawakh. Akwai shi Nijar da Mali da Burkina Faso. Shi ma da ido shika farauta, zomo da barewa, amma aikinshi na kullum tsaron bukka da dabbobi ne, baƙo bai isa ya tunkari zango da dare ba. A gajeren fili na yarda na Turai zai barshi baya, amma a sake su cikin rana ta watan Afrilu kan rairayi mu gani wa za ya fara kwantawa. Tun shekarun 1970 Turawa sunka fara kwasar shi zuwa ƙasashensu, Amurka ma ƙungiyarsu ta karnuka ta amshe shi cikin jerin ta a 2019. Ni na taɓa kwana zangon wasu abokan cinikin babana, da idona na ga an tatsi nono an zuba ma karen tun mutane basu sha ba, kuma tsoho ne ko gani bai yi sosai.

Maman_Hanifa

Yayana mai tambaya, tambayarka ta ƙarshe itace ta sa na kasa wucewa. Ina aikin jinya a Dublin, kuma nan Ailan ne ake haifar mafi yawan karnukan da ke tsere a Ingila, gwamnati ma tana basu tallafi duk shekara. A 2019 gidan talabijin na ƙasa RTÉ ya nuna wani bincike da ya girgiza mutane, rahoton da hukumar tseren ta sa aka yi mata da kanta ya nuna kusan karnuka 6,000 ake kashewa a shekara saboda basu da isasshen gudu, ba ciwo ba komai, kawai agogo yace sun yi nawa. Domin ka samu zakara ɗaya dole ka haifi da yawa, sauran kuma ciyar dasu asara ce a lissafin mai su. Na kalli shirin nan a ɗakin hutu da abokan aiki, wata dattijuwa da muke aiki tare kuka ta dinga yi, babanta mai kiwonsu ne a da.

Ostireliya ma haka, 2015 wani shirin talabijin Four Corners ya fallasa masu horarwa suna ɗaure zomaye da 'ya'yan alade da ransu a jikin na'urar nan don karnuka su yayyaga su wai su ƙara zafin bi. Kwamitin binciken jihar New South Wales ya ƙiyasta tsakanin karnuka dubu 48 da dubu 68 aka kashe cikin shekara 12, firimiyan jihar Mike Baird ya sanar da haramta tseren a Yulin 2016, kafin Oktoba ta fita ya janye saboda matsin lamba. A Amurka kuwa mutanen Florida, inda filayen suka fi yawa, suka kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2018, kashi 69 cikin ɗari suka ce a daina, aka rufe ƙarshen 2020, bayan Iowa da Arkansas sun bi sahu a 2022 filaye biyu kacal suka rage duk a West Virginia. Makawo da ke ƙasar Sin ta rufe nata 2018, New Zealand ta sanar a Disamban 2024 cewa zata hana, Wales ma ta sanar a farkon 2025.

Tsakani da Allah ba duk masu kiwon bane azzalumai, akwai wanda zai sayar da motarsa ya biya tiyatar karensa, kuma a Ingila a 2020 an fara tsarin da mai kare zai ajiye fam 200 a lokacin hukuma ta ƙara 200 don kuɗin nema masa gida in ya bar tsere. Maƙwabciyata ta ɗauko ɗaya daga wajen masu nema musu gida, yana da lamba da aka zana masa cikin kunne, ranar da ya zo bai san hawa matattakala ba, bai san ƙofar gilas ba sai da ya buga kai, saboda keji da fili kaɗai ya sani tun haihuwa. Ni da nake tsoron kare tun ina yarinya ban taɓa jin haushinsa ba ko sau ɗaya, wuni yake barci, in za'a fita dashi ne ake sa masa takunkumi saboda in ya hango kyanwa ba mai iya tare shi.

Almajirin_Malam

Allah ya saka da alheri, mun ƙaru. Abin da zan ƙara kaɗan ne, karen farauta da aka horar addini ya san da zamansa, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo in an ambaci sunan Allah, hadisi ma ya yarda a riƙe kare don farauta ko kiwo ko gona. Ita cacar da aka ɗora a kansa kowa ya san hukuncinta, ina faɗa ne don na ga tseren karnukan nan cikin manhajojin caca da yaranmu ke bugawa a waya, har da na bogi da kwamfuta ke zanawa a shagunan unguwa.

Ɗan_Mafarauci

Nagode ƙwarai jama'a, Allah ya ƙara ilimi. Maman Hanifa wlh maganar dubu shidan nan ta hana ni sukuni tun da na karanta. Guguwa da na faɗa muku, gada ta taɓa yanka mata cinya da ƙaho, baba da kansa ya ɗauko ta a kafaɗa tun daga daji har gida, bata ƙara fita farauta ba amma sai da tayi shekara huɗu tana kwana a zaurenmu. Likita dan Allah ƙarin tambaya ɗaya, ƙanin babana har yanzu yana fita da nasa, akwai ɗaya da yake ɗingishi da ƙafar baya ta dama tun bayan sallah kuma wajen ya kumbura, suna ta gasa masa da ruwan zafi. Zai iya zama irin karayar da ka faɗa, kuma in haka ne ɗori irin na gida zai yi ko sai mun kawo shi Kano?